Wannan "x400" da kake rubutawa a ƙasan hoto, awon me ne?

Wata ɗaliba ce ta taɓa kawo min teburin sakamakonta, ta auna jajayen ƙwayoyin jini sama da ɗari a hotunan da ta ɗauka da maikuroskop, matsakaicin faɗinsu ya fito mata maikuron 18 da ɗoriya (maikuron, wato µm, kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Aikin kam ya yi tsaf, ga jadawali ga lissafi, ga ɗan farin layin nan na awo a kusurwar kowane hoto an rubuta 20 µm a kansa. Na ce mata ƙanwata jinin wa kika ɗiba ne, na mutum ko na kwaɗo? Don na kwaɗo ne yake kai wannan girman, amma jar ƙwayar jinin ɗan adam mai lafiya tsakanin maikuron 7 zuwa 8 take, duk wanda ya daɗe a lab ya haddace wannan ko barci aka tashe shi. Ta ce ai ba ita ta ƙirƙiri lambar ba, kwamfuta ce ta bayar, kuma ga sandar awo nan a jikin hoton in ina shakka in gwada da kaina. Na gwada kuwa, ƙwayar ta kusa kai tsawon sandar daidai, kaga ta yi gaskiya ta wannan fuskar.

To matsalar kenan da mutane da yawa basu kama ba. Ita sandar awon nan ba daga cikin samfurin ta fito ba, manhaja ce ta zana ta, kuma da lambar da KAI ka bata ta zana. In lambar karkatacciya ce sandar ma karkatacciya zata fito, ƙwayar da aka auna ita ma haka, sai su biyun su yarda da juna su yi ta ba juna shaida alhali duk ƙarya ce. Abinda ya faru da ita mai sauƙi ne, ta saita awo a manhajar awon hoto ta ImageJ da hoton objektif na 40 (gilashin ƙasa na maikuroskop mai ninka abu sau 40), ta danna ɗan akwatin nan da aka rubuta Global wanda yake ɗora saitin a kan duk hoton da aka buɗe bayansa, sannan ta je ta ɗauko hotunan da ta yi da objektif na 100 ta hau awo. 100 raba 40 ya bada 2.5, ka ninka 7.5 sau 2.5 ka gani, 18.75, shikenan jinin mutum ya koma na kwaɗo.

Bari mu fara daga x400 ɗin da kowa ke so. Daga ina ta fito? Gilashin ido mai ninki 10, objektif (wato gilashin ƙasa da yake kusa da silaid) mai ninki 40, ka ninka ka samu 400. Wannan lissafin na idonka ne lokacin da ka leƙa, yana gaya maka yadda abin ya cika maka ido in aka kwatanta da ganinsa kai tsaye daga nisan santimita 25. Amma kyamarar da aka ɗaura a saman maikuroskop yawanci ko kusa da gilashin idon bata bi, hasken ta wata ƙofa daban yake zuwar mata, to ina 10 ɗin ya shigo? Kuma ko da ya shigo, hoton nan guda ɗaya ka buɗe shi a waya ƙwayar ta zama kamar kan allura, ka haska shi a bango a ɗakin taro ta kai girman faranti, mujalla ta rage shi ta buga a rabin shafi, duk a ƙasansa rubutun x400 na nan bai motsa ba. Wanne daga ciki ne x400? Babu. Da zarar hoto ya bar ido ya zama fayil, lambar ninki ta zama labari kawai, iyakacin amfaninta ta nuna wane objektif aka yi aiki da shi, shi ya sa ni na fi son mutum ya rubuta kai tsaye cewa objektif 40 ne mai NA 0.65 (NA ita ce lambar ƙarfin tattara haske ta objektif) ya huta.

Lamba ɗaya ce tak take da muhimmanci a hoton dijital: ɗigo ɗaya na hoton, fiksel ɗaya, maikuron nawa ya rufe a kan samfurin. Duk wani awo da manhaja take yi ƙirgen fiksel ne kawai take yi ta ninka da wannan lambar. Tsawo, faɗi, kewaye, sandar awo, duk daga nan suke.

Ana iya samo ta ta lissafi. Sensar kyamara ita ma tana da nata ƙananan gidaje masu girman da kamfani ya faɗa, misali kyamarorin bincike da yawa gidan fiksel ɗinsu maikuron 6.5 ne, wasu ƙanana kuma 3.45. Sai ka raba wannan da jimillar ninkin da hasken ya samu kafin ya iso sensar. Kyamara mai 6.5 a kan objektif 40 ba wani gilashi a tsakani, 6.5 raba 40, fiksel ɗaya maikuron 0.1625 kenan. A kan objektif 100 kuma 0.065. Lissafin ɗan firamare, amma a kalmar nan "ba wani gilashi a tsakani" ne ake faɗawa rami. Ɗan bututun da yake haɗa kyamara da maikuroskop, adafta, sau da yawa da gilashi a cikinsa, wani 0.5 ne wani 0.63 wani 1, an sa shi ne don ya rage hoton ya dace da ƙaramar sensa, kuma rubutun yana can jikinsa a wajen da ba mai leƙawa. Ka manta da adaftar 0.5, duk awonka ya fito rabin gaskiya. Wasu manyan maikuroskop kuma suna da wani ɗan maɓalli ko abin murɗawa a gefe da yake ƙara ninki 1.5, wanda ya yi aiki kafin kai ya murɗa bai mayar ba, kai kuma baka duba ba, kuma in ba injin mai gane kansa bane manhajar bata san an murɗa ba. Ga kuma haɗe fiksel da ake yi in haske ya yi ƙaranci, a haɗa biyu a tsaye biyu a kwance su zama ɗaya, nan take girman fiksel ya ninka biyu.

Akwai wata da ta fi waɗannan ɓuya. Maikuroskop na zamani, waɗanda zaka ga alamar ∞ a jikin objektif ɗinsu, objektif ɗin shi kaɗai baya haɗa hoto, sai da wani gilashi na biyu a cikin gangar jikin injin, kuma lambar ninkin da aka rubuta ta dogara da nisan da wannan gilashin yake tattara haske. Kamfanoni basu daidaita a kai ba. Na Nikon da Leica milimita 200 ne, na Olympus 180, na Zeiss wajen 165. To in ka ɗauko objektif 60 na Nikon ka samo zoben haɗi ka ɗaura a jikin Olympus, ba 60 yake baka ba, 60 sau 180 raba 200, 54 kenan. Ka juya, na Olympus 60 a jikin Nikon ya haura 66. Hoton zai fito, mai kyau ma wataƙila, rubutun jikin ƙarfen yana cewa 60, kai kuma ka yarda da rubutu. Tsofaffin injuna masu bututu milimita 160 su ma haka, ka cusa wani abu a tsakani da ya ƙara tsawon bututun, ninkin ya canza. Kai ko ba a gauraya komai ba, 40 ɗin da aka buga a jiki suna ne na rukuni, ainihinsa yana iya zama 39 da wani abu ko 41, ƙira ce ta gilashi ba wahayi ba.

Shi ya sa lissafi ba ya wadatarwa, sai an auna. Abin awon kuwa wani silaid ne na gilashi da aka zana masa ƴar mitsitsiyar rula a tsakiya, wanda aka fi samu tsawon milimita 1 ne an raba shi gida 100, kowane gida maikuron 10. Kana ɗora shi kamar kowane samfur, ka saita shi ya fito ras, ka ɗauki hotonsa da objektif ɗin, da kyamarar, da adaftar, da girman hoton da zaka yi ainihin aikin da su, komai iri ɗaya. Sannan ka ja layi a hoton daga wani zane zuwa wani, manhaja ta gaya maka fiksel nawa ne, kai kuma ka gaya mata maikuron nawa ne. A ImageJ, manhajar nan ta kyauta da Wayne Rasband ya rubuta a cibiyar binciken lafiya ta NIH a Amurka ta fito a 1997, wajen yana ƙarƙashin Analyze, sai Set Scale. Fiji ma ita ce dai aka ƙara mata kaya.

A nan nake so in ɗan daɗe, don a jan layin nan ake ɓata aikin tun kafin a fara. Mutum sai ya ja layi a kan gida ɗaya tak, maikuron 10, ya ce ya gama. Ka duba fa, da objektif 10 da kyamara mai 6.5, fiksel ɗaya 0.65 ne, gida ɗaya fiksel 15 kenan da ɗan kai. Hannunka ya goce da fiksel ɗaya kawai, ka yi kuskuren kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma wannan kuskuren zai bi duk wani awo da zaka yi har ranar da wani ya sake saitin. Amma in ka ja layin ya ratsa milimita ɗayan gaba ɗaya, fiksel sama da 1500, gocewar fiksel ɗaya ko biyu ba komai bace. Don haka ka ja mafi tsawon da ya shiga hoton. Na biyu, su zanen rular suna da kauri, a objektif 40 ko 100 zaka gansu kamar ginshiƙai, to in ka fara daga gefen hagu na zanen farko dole ka ƙare a gefen hagu na zanen ƙarshe, ko tsakiya zuwa tsakiya, kar ka fara daga wajen wannan ka ƙare a wajen wancan don ka haɗa da kaurin zane ɗaya kyauta. Na uku layin ya bi rular sak, in rular ta ɗan kwanta a karkace kai kuma ka ja naka a miƙe ka ƙara tsawo. Ni nakan ja sau uku ko biyar in ga ko lambobin sun zauna kusa da juna. Sannan in juya silaid ɗin rular ta tsaya a tsaye in sake, saboda ba dole bane awon kwance da na tsaye su zo ɗaya. A kyamarar dijital ta yanzu fiksel murabba'i ne, da wuya ka ga bambanci, amma tsofaffin na'urori masu ɗauko hoto daga siginar bidiyo da kuma maikuroskop mai share samfur da hasken leza layi-layi, su kam sai an duba, madubban da suke kaɗa hasken suna iya gocewa.

Ka kuma matsar da rular zuwa gefen hoto ka sake aunawa ko sau ɗaya ne. Gilashi yana iya kumbura hoto ko ya matse shi a gefe, musamman adafta mai araha ko gilashin waya, in ka ga gidajen gefe sun fi na tsakiya faɗi to ka san awonka a tsakiyar fili zaka riƙa yi.

Da ka samu lambar sai ka dawo ka gwada ta da lissafin farko, a nan lissafin yake da ranarsa. Ka ja maikuron 200 a objektif 40 ya baka fiksel 1230, ka raba ka samu 0.1626, lissafi ya ce 0.1625, alhamdulillahi hanya ɗaya kuke. In bambancin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ne, ka ɗauki na awo ka bar na lissafi. In kuwa ka ga bambancin ya zo da lamba mai kyau, ninki 2 cif ko 1.5 ko rabi, to ba gilashi ne ya goce ba, wani abu ne a hanyar hasken da ka manta da shi, tashi ka nemo shi. Kowane objektif da nasa saitin, ka rubuta su a takarda da kwanan wata ka manna kusa da injin, kuma duk ranar da aka canza kyamara ko adafta ko aka kwance injin aka gyara, takardar ta mutu. Maikuroskop mai zum mai sulɓi, irin na duba ƙwari da tsirrai, shi ya fi wahala don ninkin ba ya da matsaya, sai dai ka tsaya a wuraren da abin murɗawar yake yin ƙas ya kama, ko ka ɗauki hoton rula duk lokacin da ka taɓa zum ɗin.

In babu wannan silaid ɗin a hannu fa? Gilashin ƙirgen ƙwayoyin jini na Neubauer yana fidda kai kunya, manyan murabba'ansa milimita 1 ne, na tsakiya an raba shi 25 masu milimita 0.2, kowanne kuma an sake raba shi 16 masu maikuron 50. Ba don awon tsawo aka yi shi ba amma ya fi zato nesa ba kusa ba. Abinda ban yarda da shi ba shi ne saita awo da ƙwayar jini ko gashi, wai ai an san girmansu. Ƙwayar jini ta duba hankali ce, kamar yadda ta tona asirin teburin ɗalibar nan, amma girmanta yana canzawa da cuta da yadda aka shanya ta a silaid, gashi kuwa wani ya ninka wani kauri. Wanda aikinsa na masana'anta ne ko na shari'a kuma ba kowace rula zai ɗauka ba, sai mai takardar shaida da aka gwada ta da ma'aunin hukumomin awo irin NIST ta Amurka ko NPL ta Ingila ko PTB ta Jamus, sarƙar tana tafiya har ta kai ga ma'anar mita kanta, wadda tun 1983 aka ɗaure ta da nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa.

Masu aiki da ido ba kyamara su ma basu tsira ba. Ƴar rular da ake sakawa cikin gilashin ido gidajenta basu da suna, ba maikuron bane ba milimita ba, gida ne kawai, sai ka jera ta da rular silaid ka ga gida nawa ya hau kan nawa. Wadda aka saba gani takan bada kusan maikuron 10 a objektif 10, 2.5 a 40, 1 a 100, amma "kusan" ɗin nan shi ne dalilin aunawa. Wani zai ce wannan duk ƙaƙale ne. To ka tambayi mai duba bayan gida a lab. A cikin ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, ƙwan Cryptosporidium maikuron 4 zuwa 6 ne, na Cyclospora 8 zuwa 10, a rini ɗaya suna kama da juna sosai, girman ne babban abin da ke raba su, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Entamoeba histolytica mai sa atini da ƴar'uwarta hartmanni wadda bata cutarwa, iyakar da ake bi wajen ƙwansu maikuron 10 ce, ƙasa da haka hartmanni. Rularka ta goce da kashi 20 cikin ɗari, ka ba mutum maganin cutar da bashi da ita ko ka sallami mai ita.

Kuma kuskure ba ya zama yadda ya shigo. In tsawo ya goce da kashi 10 cikin ɗari, faɗin fili ya goce da 21, don 1.1 sau 1.1 ne, girman abu gaba ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi kuma ya goce da 33. Masu ƙirga abu a kan murabba'in milimita su lura da wannan sosai. Likitocin duba tsokar ciwon daji sun daɗe suna ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa "a fili goma na babban ninki", alhali filin wani ba na wani bane. Lambar nan ta biyu da ke jikin gilashin ido, 10x/18 ko 10x/22, ita ke faɗin faɗin fili, ka raba ta da ninkin objektif. 22 raba 40 milimita 0.55, 18 raba 40 milimita 0.45, in ka fitar da girman da'irar na farko murabba'in milimita 0.24 ne na biyu 0.16, kaga na farko ya fi da rabi guda, tsoka ɗaya likita biyu lamba biyu, duk su biyun kuma x400 suka rubuta. Shi ya sa a bugu na biyar na rabe-raben ciwace-ciwacen daji na Hukumar Lafiya ta Duniya aka karkata zuwa ƙirge a kan murabba'in milimita.

Sai maganar fayil, inda aikin da aka yi da kyau yake lalacewa a hanya. Manyan injuna suna ajiye girman fiksel a cikin fayil ɗin kansa, CZI na Zeiss, ND2 na Nikon, LIF na Leica, kuma Fiji tana karanta waɗannan nau'o'in fayil ta wani ƙari nata mai suna Bio-Formats. Madalla, amma abinda ke ciki shi ne abinda aka gaya wa manhajar, in ka juya objektif da hannu baka canza a sikirin ba ƙarya zata rubuta da kyakkyawan rubutu. Ka fitar da hoton zuwa JPEG ko PNG, yawanci bayanin ya zube. Ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, a matse shi a rage yawan fiksel ɗinsa, lambar da ka rubuta a takarda bata dace da shi ba kuma. Wani lokacin kuma ka buɗe TIFF ka ga manhaja tana cewa faɗinsa inci kaza, wannan lambar firinta ce, 72 ko 300 a inci, ba ruwanta da maikuroskop, goge ta zaka yi ka sa taka. Ƙa'idar da nake bi: yanke gefen hoto ba ya taɓa girman fiksel, amma rage shi ko ƙara shi yana taɓawa. Awo a kan fayil na asali ake yi, kuma asalin ba a taɓa shi, kwafi ake wasa da shi.

Ita sandar awo darajarta ɗaya ce, in an ja hoton ta jawu tare da shi, in an matse ta matsu, don haka duk girman da hoton ya koma tana nan tana faɗin gaskiya, abinda x400 ta kasa kenan. Amma da sharaɗi, a sa ta tun hoton yana girmansa na asali kuma ta zama jikin hoton. Wanda ya zana layi a PowerPoint a kan hoto ya kimanta da ido, ko ya kwafo sandar wani hoton ya manna, wannan ado ya yi. Wanda kuma ya kama gefe ɗaya na hoton ya ja don ya cike gurbi a shafi, ƙwayoyi zagayayyu suka koma kamar ƙwai, sandarsa ta kwance tana iya zama daidai amma a tsaye ta tashi aiki. Ka zaɓi lamba mai sauƙin riƙewa, 5 ko 10 ko 20 ko 50 ko 100, ba 37.4 ba, tsawonta ya kusanci girman abin da kake nunawa, fara a kan baƙi baƙa a kan fari. In ka ƙona ta a cikin hoton ta cinye fiksel ɗin da ke ƙarƙashinta har abada, kuma in daga baya ka sa manhaja ta ƙirga abubuwa masu haske har da sandar zata ƙirga, don haka a kwafin nunawa kawai ake ƙona ta. In ka yanko wani sashe ka ƙara masa girma a gefe, shi ma da tasa sandar. Wani abin dariya kuma, harafin µ in aka canza salon rubutu yakan rikiɗe ya koma m, sai kaga an buga ƙwayar cuta mai tsawon 2 mm, wadda da haka ne da ido ma sai ka ganta tana tafiya.

Masu ɗora waya a kan gilashin ido, ana iya yi, amma wayar tana da wayon da ya yi yawa, tana canza zum, tana sauya kyamara da kanta in ta ga dama, nisan da ka riƙe ta ma yana taɓa abin. Ka ɗaure ta da mariƙi, ka kulle zum da saitin gani, ka ɗauki rula a zama ɗaya da samfurin ba tare da ka taɓa komai ba. Ko kuma ka ɗauka ta gilashin idon da ke da rula a ciki, rular ta fito a kowane hoto.

Ko an yi duk wannan daidai, akwai iyakar da saiti ba ya tsallakewa. Ernst Abbe ya nuna tun 1873 a Jena cewa mafi ƙanƙantar tazarar da maikuroskop na haske zai raba ita ce tsawon zangon hasken raba ninki biyu na NA. Koren haske mai nanomita 550 (nanomita 1000 ne maikuron ɗaya) da objektif irin wanda ake ɗiga wa mai, mai NA 1.4, kusan maikuron 0.2 kenan. To fiksel ɗinka ya zama 0.065 ba yana nufin kana ganin abu mai 0.065 ba, ɗan ƙwallo mai nanomita 100 mai ƙyalli zai fito maka kamar mai 250 ko fiye, ba don saitinka ya ɓaci ba, haske ne ya baje. Gefen kowane abu yana da wannan dishi-dishin, kuma inda ka yanke cewa nan ne gefe, ko da hannu ko da matakin haske da ka zaɓa wa manhaja, yana iya motsa sakamakon fiye da kuskuren rula in abin ƙarami ne. Shi ya sa in na ga an rubuta faɗin ƙwaya 7.4382 nake murmushi, lambobi ukun ƙarshe manhaja ce kawai take zuba. Ban ma shiga maganar cewa tsokar da aka jiƙa a fomalin aka busar da barasa aka zuba a kakin ta riga ta motse kafin ta hau silaid ba, awonka na abin da ke kan gilashi ne.

Zurfi kuma wata duniya ce. Injin yana gaya maka ya sauka maikuron 10, wannan tafiyar ƙarfe ce, ba lallai tafiyar inda hasken ya tattaru bace. In objektif na mai ne, ƙarfin lanƙwasa haskensa wajen 1.515, samfurin kuma yana cikin ruwa mai 1.33, ainihin saukar bata kai 10 ba, a lissafi mafi sauƙi wajen 8.8 ce, sai abu zagayayye ya fito dogo kamar an ja shi. Rular silaid bata ganin wannan sam, sai dai ƙananan ƙwallaye masu sanannen girma da aka zuba cikin irin ruwan samfurin. Masu maikuroskop na lantarki su ma lambar ninkin da injin ke bugawa ta wani girman sikirin ce na musamman, nasu rular kuwa raga ce mai layi 2160 a milimita, in ninkin ya yi sama sosai sai su koma tazarar jerin ƙwayoyin zarra na zinare, nanomita 0.235.

Ita ɗalibar dai ta yi sa'a rabi. Hotunan da ke kan kwamfutar lab suna nan a girmansu na asali kuma ta rubuta objektif ɗin kowanne a sunan fayil, don haka muka ɗauki hoton rula a 100, muka sa sabuwar lamba, ta sake awon a yini ɗaya ya dawo 7 da ɗoriya. Sauran kusan talatin da ta tura wa kanta ta waya ta goge na asalin, babu wanda ya san da kashi nawa aka rage su, waɗannan sai da ta koma ta nemo silaid ɗin ta sake ɗauka.